Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Dattawanmu na Legas: A Dakata da Lambar Yabon Nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga iyayenmu dattawan al'ummar Hausawa mazauna Legas, da shugabannin kasuwanninmu, da limamai da malamai. Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya da haƙurin jama'a. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, muna neman ku yi mana afuwa idan harshe ya yi kaifi a wani wuri, ba raini ba ne.

Ni ɗanku ne, ina sayar da wake da masara a kasuwar Mile 12. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. A bayana akwai 'yan dako masu sauke kwandunan tumatir tun kafin kiran assalatu, da masu gadi a Lekki da Ajah, da direbobin tifa masu ɗauko yashi da tsakuwa, da yaran da suka koma tura baro tun da aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022. Abin da ya haɗa mu shi ne ƙauyukanmu na asali suna maƙwabtaka da ramuka da gonakin kamfanin nan na haƙar ma'adinai da noma, wanda muka ji an yanke shawarar ba shi lambar yabo a taron bayan Sallah. Sun wakilta ni ne don na ɗan yi boko, ba don na fi su jin zafin abin ba.

Ba zan kama sunan kamfanin ba. Kun san shi, mun san shi, kuma halin da za mu faɗa ba shi kaɗai ke da shi ba.

Alherin da ya yi a nan ba mu raina ba. Shinkafar azumi ta shiga gidajen da ba su da ko ƙwaya, an yi wa masallaci rufi, an haƙa rijiyar burtsatse. Allah ya ga wannan. Amma ranku ya daɗe, lambar yabo ba godiya ba ce kawai, shaida ce. Ranar taro za a ɗauke ku hoto da rawunanku kuna miƙa musu allo. Hoton nan ba bango zai tsaya ba: zai shiga rahoton shekara da kamfanoni ke bugawa don masu hannun jari da bankunan da ke ba su rance, a ƙarƙashin babin da ke cewa suna zaman lafiya da al'umma. Duk ranar da wani dagaci ya kai ƙara cewa rijiyar garinsa ta lalace, hotonku za a fito da shi a ce ga shugabannin mutanen nan da kansu sun yaba mana. Wannan ne ya hana mu yin shiru. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma muna tsoron a sayi kunyarku da buhunan da ba su kai kuɗin gona guda ba.

Mu fara da ƙasa, don ita ce uwar maganar. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin kowace jiha yana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma yana iya karɓe shi idan aka ce don amfanin jama'a ne, har da haƙar ma'adinai a ciki. Abin da yawancin manoma ba su sani ba sai ranar da abin ya same su shi ne, diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato shuka da itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda aka zo wa da rani, bayan ya kwashe amfaninsa, sai a dubi gonar a ce ai fili ne.

Ina gida lokacin da aka zo auna gonar baffana. Mutum uku suka zo da farar mota, ɗaya riƙe da takarda, ɗaya da na'ura a hannu, na ukun yana ƙirga itatuwa da baki. Ya ƙirga ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, ya rubuta wa kowace farashi sau ɗaya tak. Ɗorawar nan matan gidan ke samun kalwa daga gare ta duk shekara su yi daddawa su sayar, da kuɗin ake yi wa 'yan mata kayan ɗaki. Baffa ya tambaya ko za a ba shi wata gona a madadin wannan, aka ce wannan ba aikinsu ba ne. Aka miƙo takarda da Turanci, aka kama babban yatsansa aka dangwala a tawada. Bai karɓi kwafi ba, ba a kuma karanta masa ba. Kuɗin da aka ba shi ya ƙare kafin damina ta biyu. Yau 'ya'yansa maza biyu suna nan Legas, ɗaya yana ga-ruwa a Agege, ɗaya yana kwana a rumfata.

Ku kuka san sauran labarin, iyayenmu. Duk gonar da aka karɓe a can, saurayi ne ke sauka daga bayan tirelar shanu a nan, ba sana'a, ba wurin kwana. In aka yi kame, ku ake tasa da tsakar dare ku je beli. In ya rasu, ku ke haɗa kuɗin likkafani. Ashe wani ɓangare na asarar da kamfanin ya jawo, ku ke biya daga aljihunku ba tare da an faɗa muku ba.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Manya a cikinku sun tuna Bakolori, kusa da Talatar Mafara. An gina madatsar ruwa da sunan bunƙasa noma, aka tashi manoma daga gonakinsu, maganar diyya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, suka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma aka buɗe musu wuta. Mutane da yawa suka mutu a kan tambayar da baffana ya yi.

Na biyu, nakiya da ƙura da ruwa. Wanda bai taɓa zama kusa da wurin fasa dutse ba zai ɗauka ƙara ce kawai. Ana busa jiniya, mata su sungumi yara su fito tsakar gida don kada bango ya faɗo musu, ƙasa ta girgiza, kwanuka su zube daga kan kanta. Bayan nan sai farar ƙura ta sauko a hankali kan kuɓewa da kukar da aka shanya, kan randa, kan ganyen dawa. Ɗakunan ƙasa sun tsage daga sama har ƙasa, wasu na bulo ma ba su tsira ba. Rijiyar da muka taso muna sha, yanzu in aka ja guga aka bar shi ya kwana, sai an ga abin da ya kwanta a gindinsa. An haƙa wa mutanen garin burtsatse guda, gaskiya ne. Tana aiki ne da janareto, kuma ba a faɗi wanda zai riƙa sayen mai ba.

Doka ba ta bar wannan a sake ba. Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta a yi binciken illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a sara ƙasa. Haƙar ma'adinai a sabon wuri da ya haura hekta 250 tana ciki, gandun noma mai hekta 500 ko fiye yana ciki, haka aikin noman da zai tashi iyalai 100 ko fiye. Ana kuma ajiye rahoton a bainar jama'a na kwanakin aiki 21 don duk mai ƙorafi ya faɗa. A takarda abin ya yi kyau. A aikace, littafi ne mai kauri da Turancin masana, a ajiye shi a wani ofis a hedikwatar ƙaramar hukuma, a buga sanarwa a jaridar da ba ta zuwa ƙauye. A cikin duk waɗanda na wakilta babu wanda aka taɓa karanta wa shafi ɗaya da Hausa. In kamfanin yana da wannan rahoto, me ya ce game da rijiyoyi? Me ya yi alkawari game da lokacin tashin nakiya da nisanta daga gidaje? Ku kuna da bakin da za ku tambaya a amsa muku.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ba a taɓa gwada ruwan ko jinin yaranmu an faɗa mana sakamako ba. Ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Abare da Yargalma da Bagega. Iyaye sun yi ta cewa zazzaɓi ne, wasu suka ce iska, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka lura da yawan ƙananan kaburbura. Bagega ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai 2013. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka tafi. Don adalci, waɗancan ba aikin babban kamfani ba ne, mutanen gari ne ke niƙa dutsen zinare a cikin gidajensu. Ba kuma muna cewa akwai dalma a ruwanmu ba. Muna cewa dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba a gane ta da ido, kuma yaron da ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ba ya komawa yadda yake. Kamfanin da ke da kuɗin ɗakin gwajin da zai auna darajar dutsensa yana da kuɗin auna ruwan maƙwabtansa.

Sai kuma ramukan. Duk wanda ya bi ta Bukuru ko Barikin Ladi a Jihar Filato ya ga kududdufan da kamfanonin kuza suka bari tun zamanin Turawa. An kwashi kakanninmu aikin tilas a ramukan nan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuzar ta tafi Ingila, kamfanonin suka nannaɗe tabarmarsu, ramukan suka cika da ruwa, har yau suna cin yara da dabbobi. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta zo ne don kada a maimaita haka: ta ce mai lasisi ya tsara yadda zai gyara wurin bayan ya gama, ya kuma zuba kuɗi a asusun da aka ware don wannan. Lasisin haƙa yana kaiwa shekara 25. Yawancinmu da ke wannan magana ba lalle mu ga ƙarshensa ba, jikokinmu ne za su gaji ramin.

Na uku gajere ne, amma ya shafi tukunyar kowa a Legas. Gandun kamfanin ya haɗiye fadama da burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya. Da aka kewaye shi da waya, makiyaya suka karkato ta cikin gonakin talakawan da suka rage, rigimar da ba a san ta ba a da ta zama ta kowace kaka. Ana feshin maganin ciyawa da na ƙwari a gefen rafin da mata ke wanki, kuma jarkokin maganin da aka zubar yara na tsinta ana zuba man gyaɗa da ruwan sha a ciki. Mu 'yan wake mun san abin da sakaci da magani ke jawowa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari irin na ota-fiya-fiya da aka samu a ciki. Laifin wannan har da namu 'yan kasuwa masu zuba shi a buhu, kuma kun sha yi mana faɗa a kai. To abin da kuka hana ƙaramin ɗan kasuwa, a tambayi babban manomi shi ma.

Na huɗu, leburori. Kamfanin yana alfahari da yawan mutanen da ya ɗauka aiki, kuma lalle wasu sun samu. Amma ku tambaya nawa ne ke da takardar ɗaukar aiki da sunan kamfanin a kai. Ƙanena ya yi aiki a bakin injin niƙa dutse. Ba kamfanin ya ɗauke shi ba, wani ɗan kwangila ne ke tara su da safe ya rubuta suna a littafi, ya biya su a ƙarshen mako. Abin rufe hanci sai ranar da baƙi za su zo dubawa, sauran ranaku da tsumma yake ɗaurewa. Da tari ya kama shi ya ƙi sauka, aka ce ya je ya huta, washegari wani ya tsaya a wurinsa. Na kawo shi asibiti a nan, likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya tambaye shi ko ya taɓa aiki cikin ƙurar dutse, ya ce irin wannan tabo ba ya gogewa, sai dai a lallaɓa. Saurayi ne da bai kai talatin ba, yanzu ba ya iya ɗaga rabin buhu. Da muka nemi haƙƙinsa, ofishin kamfanin ya ce ba ma'aikacinsu ba ne, ɗan kwangilar kuma ya daina ɗaga waya.

Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, NSITF, don a kula da wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a bakin aiki. Dabarar ɗan kwangila ita ce hanyar zagaye duka biyun. Kuma ramin ma'adinai ba wurin wasa ba ne, kowa ya ji yadda ƙasa ta rufta da mahaƙa a Galkogo ta Shiroro a Jihar Neja a watan Yunin 2024. Allah gafarta malamai, ku kuka karantar da mu cewa a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, kuma wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci za a rataya masa ita ranar ƙiyama. Ba mu ji an ce hukuncin ya tsaya kan mai gonar gefe ya tsallake mai katafila ba.

Akwai wata takarda da muke so ku riƙe sunanta. Sashe na 116 na dokar 2007 ya ce kafin mai lasisin haƙa ya fara aiki, sai ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, a rubuta abin da za su amfana da shi, kamar karatun yara da koyon sana'a da hanya da ruwa da asibiti, kuma a sake duba ta duk shekara 5. An ce mana an sa hannu a tamu. Wa ya sa? A gaban wa? Mai unguwarmu ya rantse bai gan ta ba. In akwai ta, to burtsatsen da ake nuna mana a matsayin kyauta wataƙila bashi ne aka biya rabi.

Mun san abin da za a ce. Za a ce hassada ce, za a ce muna korar masu zuba jari alhali Arewa na kukan rashin masana'antu. Wallahi muna son masana'antu fiye da mai faɗar haka, don mu ne rashinsu ya koro daga gida muka zo muna kwana a kan benci. Ba mu ce a rufe kamfanin ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ma da kanta ta ɗora wa daraktoci nauyin duba illar aikinsu ga muhallin al'ummar da suke aiki a cikinta. Abin da aka riga aka rubuta muke nema. Kuma mu da ke Legas bai kamata a koya mana zafin tashi ba. Mun ga wa'adin kwana 14 da aka ba mutanen kasuwar Alaba Rago su tashi a 2022, mun ga yadda dattawa suka yi ta sintiri suna roƙo. Direbobinmu na tifa suna ganin yadda masunta a bakin ruwan Ikorodu da Badagry ke kuka da injinan yasar yashi da suka dagula musu wurin kamun kifi. Wanda ya san wannan a baƙon wuri ba zai sa albarka a yi wa 'yan uwansa irinsa a gida ba.

Saboda haka ga roƙonmu.

A ɗage ba da lambar nan. Ba mu ce a soke ba, a jinkirta har a ji ta bakin waɗanda abin ya shafa. A kira zama a fili, da Hausa, a bar 'yan dako da masu gadi su yi magana da kansu, kada a ce sai mai babbar riga.

A rubuta wa kamfanin, tunda babban ofishinsa yana nan Legas, a nemi kwafin takardu huɗu: rahoton binciken muhalli da amincewar da aka ba shi, yarjejeniyar raya al'umma da sunayen waɗanda suka sa hannu, jerin waɗanda aka biya diyya da abin da kowa ya karɓa, da shaidar kuɗin da ya ajiye don cike ramuka. In ya ƙi, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman irin waɗannan daga ma'aikatar muhalli da ta ma'adinai, kuma kwana 7 ta ba su su amsa. A cikin 'ya'yanku akwai lauyoyin da za su rubuta wannan kyauta in ku kuka umarce su.

A tura wakilai su je su gani da ido, har da malami guda da mace guda, don akwai abin da matan ƙauye ba za su faɗa wa namiji ba. Kada su shiga motar kamfani, kada su sauka a masaukinsa, kada a sanar da ranar zuwansu. Su ɗebo ruwan rijiyoyi da na rafi a kai ɗakin gwajin wata jami'a da ba kamfanin ya zaɓa ba, a kuma nemi a gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. In sakamako ya nuna matsala, a kai wa hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, NESREA, da hannunku.

A nemi kamfanin ya ɗauki nauyin jinyar waɗanda ƙura ta lalata wa ƙirji, ko da ta hannun ɗan kwangila suka shiga, ya kuma mai da leburorin da suka daɗe ma'aikatansa na dindindin.

Na ƙarshe yana da nauyi a baki, amma an ce in faɗa. Duk wanda ke cikin kwamitin shirya taron kuma yake da kwangila da kamfanin, ta dakon kaya ce ko ta sayar musu da hatsi, ko yake karɓar kamasho, ya bayyana, ya koma gefe a wannan magana. Ba mu zargi kowa da suna ba.

Mun haɗa kuɗin motar wakilan daga adashinmu, kuma akwai mutanen da suka yarda su tsaya a gabanku su ba da shaida, wasu da takardun asibiti, wasu da hotunan bangon gidajensu. Muna roƙon a ba mu rana kafin a kai katin gayyata wurin bugawa.

Allah ya ƙara muku girma, ya yi muku jagora.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku, mai sayar da wake a Mile 12,
a madadin 'yan uwansa.